Rediyon Sauraron Kachollom

London, watan Afrilu

Zuwa ga maigidana, Baban Kachollom,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Ngo kakar Kachollom da duk mutanen gida a Vom. Yaya ƙafar Ngo, ta fara taka ta kuwa? Yaya gonar dankali, ruwa ya sauka? Mu nan lafiya lau, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Na koma rubutu ne saboda kunnenka. In na kira ka sai in yi ta ihu har maƙwabta su buga min bango, ƙarshe ka ce to, to, alhali ba ka ji komai ba. Zan riƙa rubutawa ina ɗaukar hoton takardar ina turo maka. Ka sa gilashinka ka karanta da kanka, kada ka ba kowa.

Maganar 'yarka ce. Ka san tun da ta samu tallafin nan na koyon tuƙin jirgin sama ba ta da hira sai ta jirgi. Sati duka tana ofishinsu a Aldwych, ranar Asabar ta hau jirgin ƙasa daga Marylebone ta tafi wani ɗan filin jirage a bayan gari. Da, in ta dawo, tun daga bakin ƙofa take fara ba ni labari. Rabin abin da take faɗa ba na ganewa, amma ina jin muryarta, kuma wannan ya ishe ni. Yanzu ko ɗaya babu. Ta shigo, ta gaishe ni, ta shige ɗaki. In na ce yaya jirgi, ta ce lafiya. Zaman doya da manja muke yi, a flat ɗin da mutum biyu ba sa wuce juna sai sun gogi kafaɗa.

Na san za ka tambayi me na yi, don kullum da nan kake farawa. To ban yi komai ba sai abin da kowace uwa za ta yi. Watan jiya ta gayyace ni in je in ga wurin, na tafi da Lovelyn ta zumuntar mata. Da na ga jirgin, Baban Kachollom, sai na ja na tsaya. Ni a zatona jirgi jirgi ne. Wannan kuwa bai fi Keke Napep da aka liƙa wa fukafukai ba, da idona na ga mutum ɗaya yana jan sa da hannu. Kachollom ta shiga ofis, na ga ƙofar shinge a buɗe, man zaitun kuma yana cikin jakata. Na shiga na shafa wa fukafukan, na yi alamar gicciye a gilashin gaba, Lovelyn tana riƙe min jaka tana amsa amin.

Ashe ba a shiga wurin sai da rakiya. Kuma ashe mai a gilashi, in rana ta haska shi, matuƙi ba ya ganin gabansa. Kafin a gama wankewa lokacin darasinta ya wuce, wani ya karɓi jirgin. Malaminta, wani dattijon Bature mai farar gira, bai yi faɗa ba, har shayi ya ba mu. Da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. A hanyar dawowa ta gaya min, a hankali yadda kake yi in ranka ya ɓaci, cewa kada in sake taka filin nan, kuma daga ranar ba zan ƙara jin komai game da tashinta daga bakinta ba. Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Na manta jininka ce.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kafin mu ɓata ta taɓa gaya min akwai ranar da malamin zai bar ta ta tashi ita kaɗai, kuma a al'adarsu ba a sanar da ranar. Sai sun tashi sun sauka tare, in ya ga hannunta ya faɗa, ya buɗe ƙofa kawai ya fita ya ce ta je. Wai don kada ɗalibi ya kwana da fargaba. To uwar ɗalibin fa, wa ya tuna da ita? 'Yata za ta hau sama ba kowa a gefenta, ni ina gida ina wanke kwanoni ban sani ba.

A asibitin da nake aiki akwai mai gadin ƙofa, Issahaku, ɗan zangon Kumasi. Ya ga na rame ya tambaye ni, ni kuma ka san bakina. Shi ya taɓa aikin ɗaukar kaya a filin jirgi, har yau kuma ranar hutunsa kallon jirage yake zuwa, matarsa ta gaji ta ƙyale shi. Ya ce akwai wani ƙaramin rediyo na hannu da ake kama maganar matuƙa da masu ba su umarni daga hasumiya. In kana kusa da filin, kowa za ka ji. Tun da ya faɗi haka ban iya tunanin komai ba. Cewa ta yi kada in taka filin, ba ta ce kada in tsaya a gonar da ke bayansa ba.

Ka sa mu a addu'a. Kada ka turo min shawarar haƙuri, na riga na san ta.

Matarka,
Juliana

London, watan Mayu

Baban Kachollom,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan alherin Ubangiji yana tare da ku. Na ji daɗi da ka ce Ngo ta fita har bakin ƙofa da sanda. Ka ce mata ta ci gaba da shan maganin ko ba ta jin ciwo. Na ga amsarka, gajeriya kamar kullum, ka ce in bar yarinya ta huce. Na ji, na gode.

Na sayi rediyon, amma sai da na yi ɓatan kai tukuna. Issahaku ya ce in jira Juma'a ya raka ni, ni kuma ka san ni da jira. Na shiga intanet a wayata. Rediyoyin nan iri-iri ne, har kaina ya yi ciwo. Wani kuɗinsa ya kusa hayar wata, wai allonsa mai launi ne kuma yana gaya maka inda kake a duniya, sai ka ce na ce musu na ɓata. Can ƙasa na hango wani baƙi mai doguwar eriya, araha kamar tsintuwa. Amma ba arahar kaɗai ta ja ni ba. A gefensa akwai madanni, an rubuta in ka danna za ka yi magana a ji ka. Na ce shi ke nan, addu'ata ta karɓu. Ranar da malamin ya fita sai in danna in ce mata Ubangiji ya riƙe ta, in yi shiru, ba wanda ya ji ciwo.

Da ya iso na kai wa Issahaku ina murna. Ya kunna, ya juya, ya juya, ba abin da ke fitowa sai shuu da muryar masu gadin wani kanti. Ya ce wannan ba ya jin jirage. Su jirage da AM suke magana, irin na tsofaffin tashoshin da kake kamawa a da, wannan kuwa FM kaɗai ya sani. An ce araha ba ta ado. Sai na yi suɓutar baki na gaya masa abin da na so yi da madannin.

Mutumin nan da kullum bakinsa har kunne, sai ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce a layin nan mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. In na danna na toshe bakin kowa, har nata. Tana iya kasancewa tana neman izinin sauka a daidai lokacin, mai hasumiya bai ji ta ba, ita ba ta ji shi ba, saboda uwarta tana addu'a. Ban da kamun 'yan sanda da zai biyo baya. Ya ce Allah ne ya so ni da rediyon ba ya kaiwa can. Na zauna a kujerarsa ta gadi. Ka ga da sau biyu ke nan na cuci yarinyar nan da niyyar alheri.

Na mayar musu da kayansu. Ranar Juma'a bayan ya sauko daga masallaci muka je wani ɗan kanti a bayan Charing Cross, inda ake sayar da sababbi da na hannu. Na gaya masa tun a bas cewa aljihuna ba zurfi, kada ya ba ni kunya. Mai kantin ya fito mana da wani tsoho mai kama da bulo, kusan kyauta. Har na miƙa hannu Issahaku ya hana. Ya ce yanzu an matse layukan jirage kusa da juna, tsohon rediyo sai ya tsallake wasu, ina iya zuwa in tarar layin filin su Kachollom ne ba ya kamawa daidai. Akwai sabo a kwali, kyakkyawa, amma batirinsa na musamman ne, in ya mutu a tsakiyar gona sai dai in yi kuka. Sai na uku, na hannu, fuskarsa da ɗan ƙarce, yana cin batir irin na tocila, yana da ramin abin sawa a kunne, kuma yana riƙe lambar fili in an sa masa. Kuɗinsa ya ɗan cije ni amma bai zubar da jini ba.

Mai kantin ya fita da mu bakin ƙofa ya ɗaga eriya. Motoci suna wucewa, mutane suna ture mu, sai ga muryar wata mace daga sama, a natse kamar mai karanta sanarwa a majami'a. Na ce wannan ma 'yar wata ce. Na karɓi rediyon na juya shi ta ko'ina, babu madannin magana. Issahaku ya ce da gangan ya zaɓa min shi, kuma ko kunya bai ji ba.

Abu ɗaya ya rage min daɗi. Mai kantin ya ce sayensa ba laifi ba ne, amma dokar ƙasar nan ba ta yarda mutum ya saurari maganar da ba don shi aka yi ba, ko da yake masu kallon jirage suna yi a fili, ba a cika kula su ba in ba su yaɗa abin da suka ji ba. Ni da ko bas ban taɓa shiga ban biya ba! Saboda haka kada ka gaya wa Rabaran, ka san shi, sai ya sa a cikin roƙon addu'a ranar Lahadi. Na ɓoye rediyon a babbar tukunyar da muke dafa shinkafar Kirsimeti, don nan ne wurin da na tabbata 'yarka ba za ta buɗe ba.

Ka gaida Ngo da maƙwabta.

Taka,
Juliana

London, watan Yuni

Maigidana,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin gona, yaya bayanka? Kada ka ce sai ka yi noman nan duka da kanka, ba yaro ba ne kai.

Asabar nawa ke nan ina zuwa. Ga yadda nake yi. Da safe in ɗaura zanen zumunta, in kafa ɗankwalinmu mai ruwan ɗorawa, in ce mata na tafi koyon waƙa. Ta fita, in bar jirgin ƙasanta ya wuce, in hau na bayansa. Akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa gonar shanu a bayan filin, kowa yana da ikon bi. A wurin akwai shingen ƙaya da ya fi ni tsayi. Na zagaya na duba da kyau, daga ofishinsu ba mai hango ni, daga inda ake ajiye jirage ma haka. Nan nake shimfiɗa leda in zauna. Shanun sun saba da ni, akwai wata mai farin goshi da take zuwa ta tsaya ta zuba min ido kamar tana bin ni bayani.

Ranar farko da na ji ta ban gane ta ba. Sai da ta sake magana. Baban Kachollom, wannan ba muryar yarinyar da take barin min kofi a ƙarƙashin kujera ba ce. Gajeriyar magana, a tsaye, ba kame-kame, kuma mutumin hasumiya yana amsa mata kamar yadda yake amsa wa kowa. Na yi kuka har na jiƙa bakin ɗankwalina. Daɗi ne ko baƙin ciki, ban sani ba. Wata biyu ke nan ban ji ta faɗi magana mai tsawon haka ba, sai ga shi ina satar ji a bayan ƙaya.

Yanzu na fara gane aikin. Su tashi, su zagaya filin, su dawo ta saman gonar, su taɓa ƙasa, su sake tashi. A kowane gefe sai ta faɗi inda take. Issahaku, wanda shi ya sa min lambar filin, ya koya min abin da zan sa wa kunne. Ya ce a ƙasar nan ɗalibin da yake shi kaɗai a jirgi yakan fara da kalmar Student kafin sunan jirginsa, don kowa ya sani ya yi masa a hankali. To kalmar da nake jira ke nan. Duk lokacin da jirginsu ya daɗe a ƙasa sai in danne abin kunnen da yatsa, har in ji ta ba tare da kalmar ba, sannan in yi numfashi. In dawo gida kamar wadda ta yini tana daka.

Satin jiya na kusa tona wa kaina asiri. Muna cin abinci na ce yau iska ta yi ta juyawa. A cikin gari kuwa ko ganye bai motsa ba. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ci gaba da cin abincinta. In ta gane, ina tsoron ba shiru kaɗai za ta yi ba, kayanta za ta kwashe, don ƙawarta ta ofis ta daɗe tana neman wadda za su raba haya.

Kuma abin yana cin raina. Da furfurata, ina yi wa 'yata ƙarya da kayan majami'a a jikina. Amma in na ce yau ba zan je ba sai zuciyata ta ce to in yau ce ranar fa? Sai in ga na ɗauki ɗankwali.

Ka ci gaba da tuna mu.

Juliana

London, watan Yuli

Baban Kachollom,

Ina gaishe ka, ina gaida Ngo. Kafin komai, lafiyarta ƙalau, tana ɗakinta yanzu haka. Na fara da wannan ne don kada zuciyarka ta tsinke a tsakiyar takarda.

Jiya ce ranar. Sun tashi tare da malamin sun sauka kamar yadda suka saba, har na buɗe ruwana zan sha. Sai jirgin ya daɗe a ƙasa. Shingen da nake yabo shi ya hana ni ganin abin da ake yi. Can sai na ji muryarta, da kalmar nan a gaba. Robar ruwan ta faɗi daga hannuna. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba.

Na ji ƙarar injin, na ga jirgin ya ɗago ta bayan bishiyoyi, ɗan mitsitsi, yana rangaji. Ta zagaya, tana faɗin inda take a kowane gefe. Ta juyo ta saman gonar, ta wuce ta kaina ƙasa-ƙasa har ina ganin tayoyin, ta ɓace bayan shinge. Ina jiran in ji shiru, sai injin ya yi ruri, jirgin ya sake ɗagowa. Ta ce wa mai hasumiya ta fasa sauka za ta sake zagayawa. Issahaku ya taɓa gaya min wannan ba abin tsoro ba ne, haka ake koya musu in saukar ba ta yi daidai ba. Amma Issahaku bai haife ta ba. Ni na ji muryar ta sirance, irin yadda take yi tana ƙarama in zazzaɓi zai kama ta.

Ta zagayo karo na biyu. Iska tana kaɗa ciyawa ta gefe. Ta wuce ta kaina, ta ɓace, injin ya sake ruri. Wannan karon maganarta ta katse a tsakiya sai da ta maimaita. Mai hasumiya ya rage saurin bakinsa, ya gaya mata ta inda iska take, ya ce ba gaggawa, filin nata ne.

Na buɗe baki na ɗaga murya zan kira sunan Yesu yadda na saba, sai na ga in ina ihu ba na jin ta. Dole na zaɓa. Na rufe bakina. Tun da aka yi min baftisma ban taɓa addu'a baki rufe ba sai jiya. Babban yatsana kuwa yana ta danna gefen rediyon, wurin da babu komai, har fatar ta saluɓe, sai a jirgin ƙasa na lura. Na rantse maka da akwai madannin nan da na danna shi, duk da abin da aka gaya min. Allah ya saka wa Issahaku.

Karo na uku ta taho a hankali, ta wuce, ta ɓace. Injin bai yi ruri ba. Na ji shiru mai tsawo, ban san ko na lafiya ne ba. Sai mai hasumiya ya yi mata barka, wani matuƙi daga wani jirgin shi ma ya sa baki. Ta ce ta gode, rabi dariya rabi kuka. Na kwanta rub da ciki a cikin ciyawa, saniyar nan tana shinshina min ƙafa.

Na riga ta isa gida. Na yi wanka, na ɗora gwote, na sa mata alayyafo da yawa yadda take so. Na ce yau kam dole ta faɗa, wa zai iya riƙe irin wannan labari? Ta shigo fuskarta tana haske, ta gaishe ni, ta ci kwano biyu. Na ce yaya jirgi. Ta ce lafiya.

Baban Kachollom, wannan ya fi zagayen nan biyu yi min ciwo. Na san komai, na ji komai, amma ba ni da ikon in rungume ta in ce barka, don a saninta ina wurin waƙa. Babbar ranar rayuwarta ta zo ta wuce, ta zauna a gabana ta haɗiye ta da gwote. Rediyon ya yi aikinsa, ba ni da ƙorafi a kansa. Ni ce dai na yi zaton jin muryarta zai ishe ni. Ina tsoron na rasa yarinyar nan alhali tana kwana a ɗakin da ke jikin nawa.

Ban san me zan yi ba. Wannan karon in kana da shawara ka turo, ko ta haƙurin ce.

Matarka,
Juliana

London, watan Yuli

Maigidana abin ƙaunata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Shawararka ta iso a makare, Lovelyn ta riga ka.

Ranar Lahadi bayan sujada muna tsaye a bakin ƙofa, Kachollom tana gefena, sai Lovelyn ta taho da muryarta ta kasuwa tana tambayar me ya hana ni zuwa koyon waƙa tun watan Mayu, wai har sun fara tunanin zuwa duba ni. Na yi mata ido, ta ɗauka wani abu ne ya faɗa min a ciki. Na saci kallon 'yarka, ko gezau. Ta gaida Lovelyn, ta ce mu je kada bas ya wuce.

A saman bas, ba kowa kusa da mu, ta fara magana tana kallon taga. Ta ce tun Asabar ta farko ta gan ni. Duk faɗin koren gonar nan, abu ɗaya ne mai ruwan ɗorawa, kuma yana zaune a kan leda kusa da shanu. Ni ina can ina leƙen ofis ina leƙen wurin ajiye jirage, ban taɓa ɗaga kai na tuna ta inda 'yata take kallon duniya ba. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya yi maganar nan bai san jirgin sama ba.

Malamin ma ya gan ni. Da farko ya ɗauka alama ce manomi ya kafa, sai da ta gaya masa. Daga nan, wai in sun zo juyawa ta ƙarshe, sai ya ce mata ta karya kwana daidai kan mamanta. Ka yi dariyarka, na ba ka izini. Ni dai na so ƙasan bas ɗin ya buɗe.

Na tambaye ta ko ganina ne ya hana ta sauka, don abin da ya fara zuwa raina ke nan. Ta ce a'a, ta taho da tsayi da yawa ne, ga iska ta gefe. Amma a zagaye na biyu hannunta yana rawa, ta leƙo ta gan ni a durƙushe, sai haushi ya kama ta cewa a gabana za ta kasa, kuma haushin ne ya tsayar mata da hannu. Ka ji 'yarka. Ko a nan ba za ta ce addu'ata ce ba.

Na ce to me ya sa da ta dawo ba ta gaya min ba? Ta ce kowace Asabar tana jiran ta ga na ɓullo ta ƙofar filin da jakata, ban ɓullo ba, wannan ya sa ta fara saukowa. Amma ita ma jira take in daina ɗaura mata zanen zumunta ina cewa waƙa. Ta ce da daren nan na ce na ji ta, da ta faɗa jikina. Muka yi ta kuka a saman bas har muka wuce tasharmu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Abin da ke gabanta shi ne doguwar tafiya ita kaɗai, ta sauka a wasu filaye can nesa sannan ta dawo. Na tambayi Issahaku, ya ce da ta wuce 'yan garuruwa rediyona ba zai ƙara jin ta ba, ko na hau kan shingen. Ita ma ta san haka. Jiya tana wanke kofinta, ba tare da na tambaya ba, ta ce min Asabar mai zuwa ce in yanayi ya yi kyau. Ta gaya min filayen, ta gaya min lokacin da take sa ran dawowa. Sannan ta ce tana so in zauna a gida. Ba jirgin ƙasa, ba gona. Za ta kira ni da kanta in ta sauka.

Na ce to. Ka san tun da ka aure ni ban taɓa cewa to da sauri haka ba.

Na san har Asabar ba zan ci abin kirki ba. Yini guda zan yi ba na jin komai, ba na ganin komai, ina zaune kusa da waya. Amma na san ranar, Baban Kachollom, kuma daga bakinta na ji. Ranar Asabar kada ka je gona. Ka zauna kusa da taka wayar, ka ƙure mata ƙara.

Ka gaida Ngo, ka gaya mata jikarta ta tuƙa jirgi ita kaɗai. Wannan kam kana iya gaya wa Rabaran.

Ni ce matarka har kullum,
Juliana